Na Lasa Ruwan Sabon Injin Rini

Shekara da shekaru ina cewa injin rini zai kashe wani, ana ce min tsufa ne.

Jiya na leƙa Kabo wurin ɗana Sani, ya kafa sabon inji, wai ya fi sauri. Na tsoma yatsa a ruwan rinin na lasa, yadda muke gwada ruwan shuni a marina.

Sani ya daka tsawa: "Baba, tofar! Kemikal ne fa!"

Na ce, "Abin da harshe bai ɗauka ba, a kansa kake wuni?"

Bakina ya ɗaye, ko kunu ba ya wucewa. Shi kuwa tururin ruwan yake shaƙa kullum, ga tari ya fara. Wallahi na tsorata.

Ku 'yan boko, yau dai wani ya amsa min: me abin nan yake yi wa ƙirjin ɗana?