Sawun Kambas

Ni dai tun ranar da aka ce 'yan sanda za su zo ƙauyenmu zumunci na ji abin bai kwanta mini ba. Ƙauyen namu yana gefen Farin Dutse, a ƙasar Gwaram, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin mai ɗamara ya shigo shi don gaisuwa kawai ba. 'Yan doka na da, in aka hango jar hularsu, to ko dai za a tafi da wani a ɗaure, ko kuma kazar wani ta ga ta kanta. Bayan yaƙin basasa aka ce an soke su, an haɗe su da 'yan sandan gwamnati. Na ce an dai canza musu hula.

Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, an gyara hanyar da ta taso daga Birnin Kudu, manyan motoci suna ta kai da kawo. Satar shanu ita ma sai ta canza salo. Ɓarawon da a da sai ya yini yana kora bijimi a daji, yanzu bakin titi kawai zai kai shi. Wai a kan wannan maganar ne za su zo.

Garin ya yi musu shiri irin namu. Mafarauta suka cusa bindigoginsu cikin rumbu, masu awaki suka kora su bayan dutse, ni kuma na kife zakarana da kwando a ƙuryar ɗaki na ɗora masa turmi. Mijina, wanda nake kira Malam, yana ta yi mini dariya, yana cewa in sun zo ma ni za su fara kamawa saboda baki.

Suka zo da hantsi a motarsu. Babbansu wani Saje ne dogo, mai Hausa fes, ya cire hula ya zauna a tabarma ɗaya da dagaci. Mu mata muna laɓe a bayan zana muna leƙe. Aka yanka musu kaji, Saje ya yi godiya ya ce a ba yara. Wannan ya fi komai tsorata ni. Na raɗa wa maƙwabciyata cewa mutumin da ya ƙi cin kaza, abin da ya zo nema ya fi kaza.

Jawabin nasa dai ba laifi. Ya ce su kaɗan ne, ƙasar kuma da faɗi, don haka kowane ƙauye ya zaɓi 'yan sintiri daga cikin magidanta. In an kama ɓarawo kada a doke shi. In an yi sata, a rufe sawun a aika musu Gwaram. Nan dattawa suka fara murmushi, don rufe sawu ba shi zai koya mana ba. A wajenmu in aka wayi gari da sata, abin da ake fara yi shi ne a nemo sawun ɓarawo a kife shi da ƙwarya, kada iska ko kaji su ɓata shi, sannan a kira tsohon da ke bin sawu. A lokacin kusan kowa ƙafa a ƙasa yake yawo, masu takalmi kuma na taya ne, kowanne da irin zanensa. Sawun mutum kamar fuskarsa yake. In kai ne, ƙasa ta faɗa. In ba kai ba ne, ita ce mai wanke ka.

Da Saje ya gama, aka sauke buhu daga mota. Kowane ɗan sintiri aka ba shi usur da tocila da takalmin kambas, wai saboda ƙaya da macizai. Takalman duk iri ɗaya ne, ruwan ƙasa, ƙasansu da zane kamar ƙashin kifi. Daga baya muka ji irinsu aka raba tun daga Kwandiko har Zandam.

Malam yana cikin waɗanda aka zaɓa, don mutum ne da aka yarda da shi, kuma ba ya da nauyin barci. Shi kuwa sawunsa ko yaro ya san shi. Tun yana saurayi galma ta sare masa babban yatsan hagu, ya warke a karkace, sai ya zama duk inda ya taka yatsan yana nuna gefe. Ni kaina in na dawo daga rijiya, ƙasar ƙofar gida nake dubawa in san ko yana ciki. Ranar da ya shigo da kambas ɗin nan yana taku ɗai-ɗai kamar ango, na duba bayansa na ga sawun da ban sani ba a tsakar gidana. Na ce masa ni ban yarda da kyautar da za ta rufe wa mutum ƙafa ba. Ya ce kishi nake yi don ba a ba ni ba.

Malam yana da amini guda, tun suna yara suke kiwo tare. Gidansu na masu shanu ne da suka daɗe da zama suka kama noma, garkensu yana bayan dangarmu. Duk ranar kasuwa matarsa takan aiko mini da nono, ni kuma in mayar da ƙwaryar da gero. Bijiman huɗarsa biyu su ne ƙarfin gidan, kuma da su yake yi mana huɗa kafin ya yi wa kowa.

Da farkon damina aka wayi gari babu bijiman. An yi yayyafi, ƙasa ta yi taushi, ga sawu nan raɗau a gindin turke, sawun kambas mai ƙashin kifi. Aka kife shi da ƙwarya. Sawun ya bi ta bayan dangarmu, ya gangara rafi, ya ɓulla bakin titi, daga nan ya ɓace. Kuma a wannan daren, sintirin wannan ɓangaren a hannun Malam yake. Ya ce ya zaga ta can da wuri bai ga komai ba, da ruwa ya sauko ya fake a rumfar masallaci tare da abokin zagayensa. Abokin ya ce haka ne, amma shi barci ya ɗan ɗauke shi. Da ma ya yi shiru, da ya fi.

Aka kira tsohon mai bin sawu. Ya ɗaga ƙwaryar, ya tsuguna ya daɗe, sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu. Ya ce shi ƙafa ya sani, wannan kuwa ba ƙafa ba ce. Aka sa 'yan sintiri su taka gefen sawun ɗaya bayan ɗaya. Na wasu ya yi girma, na wasu ya yi kaɗan, na Malam da na wasu ya zo daidai. Amma su sauran, gidajensu suna can gabashin gari, sawun kuwa bayan gidanmu ya bi.

Malam bai ga abin tsoro ba. Yadda Saje ya ce a yi, haka ya yi. Ya ari keke ya tafi Gwaram da kansa, da kambas ɗin a ƙafarsa. Na bi shi har zaure ina cewa kada ya je, ya bari dagaci ya aika wani, don in aka gan shi ya dawo a motarsu magana za ta canza. Bai ji ba. A motar tasu kuwa ya dawo, a gaba, keken a baya.

Ba zan ɗora wa Saje abin da bai yi ba. Ya duba sawun, ya bi shi har titi, ya tara mutane ya ce irin takalmin nan yana ƙafar 'yan sintirin ƙauyuka da yawa, ana kuma sayar da shi a kasuwar birni, don haka ba wanda za a kama da shi. Ya ƙara da cewa Malam mutumin kirki ne, ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa. Ina bayan zana ina kallo. Da sun ɗaure shi sun tafi da shi ya kwana a can sun sako shi, da mutane sun ce an bincika ba a samu komai ba. Amma ɗan sanda ya dafa ka yana yabo? Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa sun rufa wa nasu asiri, da ma takalman alama ce da suke gane mutanensu da ita.

Ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo a fuska. Sai dai in ya zauna a majalisa hira ta koma ta farashin gero. Maƙwabciyata ta fara shigar da akuyarta ɗaki tun kafin magariba. Aminin nasa ya ci gaba da gaishe shi yadda ya saba, amma ya mayar da turken sauran shanun ɗaya gefen gidansa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ƙwaryar nono ba ta zo ba. Na ji haushin wannan ƙwarya fiye da duk surutun gari.

Wata Juma'a Malam ya tare shi a ƙofar gidanmu, ina jin su daga zaure. Ya ce su je wajen liman ya dafa Alƙur'ani. Aminin ya ce ba sai an kai ga haka ba.

"Ni ban ce kai ne ba," in ji shi.

"Na sani. To, ka ce ba ni ba ne."

Daga nan aminin ya ce Allah shi ne masani, ya yi sallama ya wuce.

Ranar Malam ya cire kambas ɗin, ya haɗa da usur da tocila ya kai wa dagaci. Daga ita kuma bai ƙara sa takalmi ba, ko na taya. Bazara ta zo, rairayi kamar gaushi, ya tafi kasuwar Gwaram a haka ya dawo. Ƙaya ta sha shiga ƙafarsa, ni ke cire masa da allura ina faɗa. Na saya masa takalman fade da kuɗin man gyaɗata, ya yi godiya ya rataye su a zaure. Da na matsa masa, sai ya ce, "Bar ni. Ina so duk inda na bi a san ni ne."

Bijiman ba a gan su ba har yau. 'Yan sandan sun ci gaba da zuwa zumuncinsu lokaci-lokaci, har mutane suka saba, aka daina ɓoye awaki. Ni dai ban daina kife zakarana ba. Malam ya yi shekaru yana taka garin nan da ƙafarsa, yana wucewa ta ƙofar amininsa safe da yamma, suna gaisawa kamar baƙi masu ladabi.

Da damina ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. Fitarsa ta ƙarshe ita ce zuwa bakin zaure ya yi alwala, inda ƙasa take da danshi. Bayan an kai shi, na fito ɗauko butarsa, sai ga sawun nan, yatsan yana nuna gefe. Na koma ciki na ɗauko ƙwarya na kife shi. Da matar aminin ta shigo yi mini gaisuwa, na ce ta je ta gaya wa mijinta akwai sawu a bakin zaure, ya zo ya duba.

Ya zo. Ina cikin zaure, zana ce tsakaninmu. Na ji ya ɗaga ƙwaryar, na ji ya tsuguna, ya daɗe a wurin. Sannan ya ce:

"Na san sawun nan tun muna kiwo. Ba shi ba ne. Wallahi ba shi ba ne."

Na ce, "Shi ya tambaye ka, ba ni ba."

Ya mayar da ƙwaryar a hankali ya tafi. Da yamma hadari ya haɗo, na fita na ɗauke ƙwaryata kada ta jiƙe.