Muryar Baban Kawu a Lyon

Ko zan manta komai na zaman Faransa, ban da ranar da na raka kawuna Lyon. Lokacin ina ɗalibi a Paris, shi kuma yana sayar da atamfa a unguwar Château Rouge, nan cikin birnin.

Kawu bai san mahaifinsa ba. Yana goye Faransawa suka ɗauki tsohon aikin soja, yaƙi ya ƙare ya maƙale a Jamus, har ya rasu can. Abin da ya iso gida kawai shi ne wai ya taɓa fitowa a wani fim na 'yan sanda da masu kisa, farkon lokacin da fim ya fara magana. Da na ji za a nuna shi sau ɗaya a Lyon kafin a mayar da faifan fim ɗin zuwa Jamus, na gaya wa Kawu. Ya rufe shago, abin da ko ciwo bai taɓa sa shi ba.

Muna sauka jirgi ya ce sai mun gaida wani Alhaji ɗan garinmu, kada ya ji mun shigo gari mun wuce. Aka yi gaisuwa, aka tambayi kowa har awaki. Muka miƙe, Alhaji ya ce, "A'a Malam! Hajiya ta ɗora tuwo, ku tafi? Jamais, ba zai yiwu ba!" Kawu ya koma ya zauna. Ina duba agogo, shi ma yana dubawa, amma a cikinmu babu mai iya cewa a'a a gidan mutane.

Ko da muka shiga silima fim ya yi nisa. Ashe tsohon shi ne matuƙin jirgin ruwan da ake kashewa tun farko. Wata tsohuwa a gefenmu ta ce ya yi 'yar magana da wani yare da ba a fassara ba. Mu dai hotonsa muka samu, ɗan sandan cikin fim ɗin yana nuna wa mutane. Goshin Kawu ne sak.

Muka kama hanyar komawa. Can Kawu ya ce, "Fuska ai ina ganinta a madubi. Murya na zo ji."

Bai sake samun dama ba har Allah ya karɓi abinsa. Har gobe abin na ci mini rai. Tun daga ranar na koyi cewa, "A yi haƙuri, sai mun dawo." Tuwo ana ɗumama shi.