Ranar da Na Jiƙa Lu'ulu'un Inna

A gidanmu na Birni akwai abin wuya guda ɗaya da ba a bayar da aronsa, ba a kuma taɓa shi sai da izini. Lu'ulu'u ne ƙanana masu launin kindirmo, an shirya su a zare, da ƙugiyar azurfa ta baya. Kakata ce ta zo da shi daga hajji, zamanin da ake tafiya ta ƙasa a yi shekaru kafin a dawo, ta ce daga cikin Bahar Maliya aka tsamo su. Da ta rasu sai ya koma hannun mahaifiyata, Inna. Tun daga nan duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji, Inna ce ke sa mata shi da hannunta, ta yi kwana uku da shi a wuya, sannan a dawo wa Inna da abinta. Ni ma na sa shi, ƙannena mata huɗu ma duk sun sa.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ne sunana a bakinta, in ta ji daɗi kuma "ke wannan". Ba ta yabona a gaban mutane, a bayan idonsu ma ban taɓa ji ba. Shekara talatin na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, yara na shakkata, iyayensu na ce mini Madam, amma da na ɗaga labulen ɗakin Inna sai in koma yarinyar da ta fasa tulu. Da na ajiye aiki na dawo gidan da zama, ɗakina na kallon nata.

Saura kwana goma sha biyu bikin autata, wadda ke aikin jinya a gidan likita, Inna ta kira ni. A lokacin yanar ido ta rufe wa Inna gani, sai dai ta gane mutum da murya, ga tansiyo, wato hawan jini, da ba ya son tashin hankali. Ta buɗe kumbonta ta fito da abin wuyan a naɗe cikin ƙyalle.

"Ke, ƙugiyar nan ta yi dauɗa, ina jin ta a yatsana. Ki kai wa maƙeri ya wanke. Ba na son ƙawata ta sa abu baƙi a wuya."

Ƙawarta ita ce autar tawa, haka suke kiran juna. Na karɓa hannu biyu. Wannan ne karo na farko da abin wuyan ya fita daga ɗakin a hannuna ba tare da amarya ba, kuma wallahi na ji daɗi har cikin raina.

To, sai iya yi ya tashi. Na ce yo mene ne na zuwa wurin maƙeri a kan 'yar ƙugiya? Ni da nake wanke awarwarona da lemun tsami da toka su fito fes? Washegari da hantsi na matse lemu uku a ɗan kofin shayi, na tsoma ƙugiyar kaɗai, na bar sauran a kwance kan ƙyalle a gefe. Niyyata in ba ta ɗan lokaci kaɗan in ciro in goge.

Ina nan zaune sai na ji maƙwabciyarmu ta ɗaga murya ta saman katanga: "Ruwa ya zo! Ruwa ya zo!"

Wanda bai zauna Damagaram ba ba zai gane ba. Kwana biyar ke nan pampo bai ɗiga ba, 'yan ga-ruwa sun zama sarakuna, sai ka roƙe su kafin su dube ka. In aka ce ruwa ya zo, mai tuƙa tuwo sakin muciya take yi, mai kitso ta tashi da rabin kai. Na zabura ko takalmi ban sa ba. Na jawo tiyo, na fara da randar Inna kamar kullum, sannan tuluna, sannan jarkokin nan da muke ce wa bido-bido, da bokitai, da manyan tukwanen da aka aro don biki, har butocin alwala ban bari ba. Ruwan kuma siriri yake zuwa, yana yi yana shaƙewa, dole ka tsaya a kansa. Ban koma ɗakina ba sai da aka kira la'asar.

Ina shiga idona ya sauka kan kofin. Ban san ko zanina ne ya ja ƙyallen da na zabura ba, ko nauyin ƙugiyar ne, abin wuyan dai ya zame ciki. Na yi maza na ciro shi. Ƙugiya kam ta yi fari tas, sai walƙiya take. Amma lu'ulu'u bakwai, huɗu ta wannan gefe uku ta wancan, sun mutu murus. Sun koma kamar gutsuren allin da nake rubutu da shi a allo, ba haske, ga kaushi. Na wanke da ruwa, na goge da auduga, na shafa musu man gyaɗa, har tofi na yi musu. Ko gezau.

Na zauna a ƙasa na yi ta salati. Abin da ke cina shi ne wannan kaɗai ya rage wa Inna na uwarta, kuma sau ɗaya tak ta amince mini da shi, ta kuma faɗa mini abin da zan yi, na ƙi. Da wane bakin zan gaya mata?

Da safe na tafi inda ya kamata in je tun farko. Maƙerin farin tsoho ne, rumfarsa na cikin wani lungu mai yashi, shi ya yi mini zoben aurena. Ya sa tabarau ya juya abin wuyan, ya dube ni ta saman gilashin.

"Madam, me kika ba su suka sha?"

"Lemun tsami, Baba."

"Kai! Kai, kai. Da iliminki?" Ya girgiza kai. "Lu'ulu'u ai ba dutse ba ne. A cikin wata halitta ta ruwa yake girma, fata kan fata. Tsami cinye shi yake yi. Turare ma ba ya so, balle lemu."

Na ce ya goge su mana da abin aikinsa. Ya ce abin da aka cinye ba ya dawowa, sai dai a cire bakwai ɗin a sa wasu. Shi ba ya ajiye irin wannan kaya, amma ya kwatanta mini gidan wata Hajiya a Zango mai zuwa Dubai sari. Na hau kabu-kabu ina rufe fuska da mayafi kamar wadda ta yi sata.

Hajiyar ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, ta zazzage kaya kashi biyu. Na dama, ta ce, na teku ne, na ruwan gishiri. Kowanne a mulmule yake dunƙul, duk girmansu ɗaya, haskensu har kana iya ganin fuskarka a ciki. Na hagu kuma na ruwan daɗi ne, kiwonsu ake yi a tabkuna can ƙasar Sin, a cikin ƙumba irin wadda iyayenmu ke kankare tukunya da ita. Su ba su da kai ɗaya, wani kamar ƙwayar wake, wani ya ɗan yi tsawo, wani da ɗan ƙusumbi, haskensu kuma a lumshe. Ta ce sun fi jure wahala, amma daraja tana wurin na teku, su manyan mata ke nema.

Na ce, "Hajiya, ai babu wani zaɓi. Na kakata daga teku suka fito, na teku zan sa."

Na riga na gama shirina a zuci: a sa bakwai na teku, a mayar wa Inna abinta, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Har na fara tsinta, sai na tuna Inna da yatsu take gani. Na rufe idona na shafa na kakata, na shafa sababbin. Ashe na kakata ba mulmulallu ba ne, kowanne da irin halittarsa, don ba kiwata su aka yi ba. Na tekun Hajiya kuwa santsi ne zalla kamar ƙwayar magani. Inna na taɓawa za ta gane. Na shafa na tabkin, sai na ji su ne suka yi kama da namu a hannu. To amma in jera na tabki a zaren kakata in ce wa uwata daga Bahar Maliya suke? Ƙarya biyu ke nan a wuyan 'yata ranar aurenta.

Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan na ajiye, har shayin da aka kawo mini ya huce. Hajiya ta gaji ta ce, "Madam, wai lu'ulu'u kika zo saya ne, ko asiri kika zo rufewa?"

Raina ya ɓaci, na ce ina ruwanta. Ta yi dariya, ta ƙulla mini bakwai-bakwai a ƙyalle biyu, ta ce in je gida in yi shawara da mai abin, wanda ba a so in dawo mata da shi. Na fito ina jin haushinta, don na san gaskiya ta faɗa.

Kwana biyu ina zagaye ɗakin Inna. Na uku da safe, bayan ta sha kunu ta haɗiye maganinta, na shiga na zauna a bakin tabarma. Na ce, "Inna, na yi ɓarna." Na faɗa mata duka, ban rage komai ba.

Ta miƙo hannu. Na sa mata abin wuyan. Ta bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi, har ta iso kan matattun, ta tsaya tana murza su. Na ga hawaye ya gangaro mata ta gefen hanci. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Na ce ki kai wa maƙeri."

"Kin ce, Inna."

"Ba ki kai ba."

"Ban kai ba."

Har na fara tunanin in kira autata ta zo ta auna ta. Can ta ce, "Me ya ɗauke miki hankali har la'asar?"

"Pampo ne ya kawo ruwa."

"Ranar da kika cika mini randa har ta zuba?"

Na ce ranar ce. Sai na ga kafaɗarta na motsi. Na ɗauka kuka ne ya ƙaru, ashe dariya ce take ƙoƙarin dannewa.

"Ke wannan," ta ce, "kina wata biyar na tafi da ke rijiya a shekarar da rijiyoyin unguwa suka ƙafe. Na kwance ki na ajiye a inuwa don in ji daɗin jan guga. Da na samu tuluna ya cika, don murna na ɗauka na taho gida. Sai da kakarki ta ce ina yarinyar, sannan na tuna ina da 'ya. Na koma a guje na tarar da ke kina cin yashi." Ta share ido da bakin zani. "Ni da na manta da mutum a kan ruwa, me zan ce wa wadda ta manta da abin wuya?"

Shekarata sittin da ɗoriya ban taɓa jin wannan labari ba. Na yi dariya, na yi kuka, na rasa wanne nake yi. Wani nauyi da na kwana huɗu ina ɗauke da shi ya sauka, har sai da na ji yunwa nan take.

Ta ce in kawo sababbin ta gani. Na zuba mata na dama a tafin hannu.

"Wannan na ina ne?"

"Na teku, Inna. Su ne masu daraja, in ji mai sayarwa."

"Teku na gan shi a Jidda da na je hajji. Ruwa har inda ido ya ƙare, na ce a ɗebo mini in sha, aka ce ba ya shawuwa. Na ce wannan wane irin wulaƙanci ne?" Ta mayar mini da su. Na zuba mata na hagu. Ta daɗe tana juya su. "Waɗannan fa?"

"Na tabki ne. A ruwan daɗi suke girma."

"Kuma su aka raina?"

Na fara yi mata bayani irin na aji, cewa ba da ɗanɗanon ruwa ake auna darajar lu'ulu'u ba. Ta ɗaga mini hannu.

"Ke da Hajiyar taki ku riƙe iliminku. Wanda ya raina abin da ya fito daga ruwan daɗi bai taɓa kwana biyar yana sauraron pampo ba. Waɗannan za a sa. Kuma ki kai wa maƙeri. Kin ji ko? Maƙeri!"

Na kai. Tsohon ya sake shirya su a sabon zare, ya yi ƙulli tsakanin kowane biyu. Matattun bakwai Inna ta karɓe su ta ƙulle a ƙyalle ta mayar kumbonta, ta ce na uwarta ne ko sun tsufa.

Ranar kai amarya ɗakin Inna ya cika da mata, ga turaren wuta, ga guɗa. Ni na hana kowa fesa wa amarya humra a wuya, har ƙannena na yi mini tsiya wai yau na zama malamar lu'ulu'u. Autata ta durƙusa gaban kakarta. Inna ta zagaya mata abin wuyan, ta yi addu'a, ta laluba ƙugiyar, amma yatsunta suka kasa haɗa ta. Wata ƙanwata ta matso za ta taimaka, Inna ta ture hannunta.

"Ina wannan take? Ke, zo ki ɗaura. Ai ke kika wanke ta."

Na zo na ɗaura. Ina sunkuye a kansu ta kama wuyan hannuna, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "In an dawo da shi bayan kwana uku, kada a kawo mini. A ɗakinki zai riƙa kwana."