Da Yaya Idi Ya Ga Kurma Ya Samu Budurwa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar wana Idi, tela a unguwar Wadata. Allah ya jiƙansa. Ni kuwa sai bayan ransa na shiga makarantar manya, shi ya sa yau nake iya ba ku labarinsa da hannuna.

Yaya Idi kurma ne tun haihuwa, amma ban taɓa ganin mai son fim kamarsa ba, musamman na samari da 'yan mata, mai soyayya da ban dariya. Tele ta shagonsa ba ta hutawa. Fuskokin 'yan wasa yake karantawa, sai ya riga kowa fashewa da dariya. Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai. In an sa kurma a fim, to wawa ne, ana ta yi masa ihu a kunne, har fim ya ƙare bai samu ko murmushin yarinya ba. Sai Yaya ya juya baya ya ci gaba da taka kekensa.

Kwanan baya 'yarsa Nafisa, da ke karatu a makarantar lise, ta same ni. Ita da abokanta za su yi fim da wayar portabul, labarin wani saurayi kurma da ke neman wata Bazabarma mai shegen surutu. Kowa ya san labarin iyayenta ne.

"Baba, ka yarda mana."

Na ce a'a. Ban so a mai da wana abin dariya yana kabari. Ba ta yi musu ba, ta dai kawo mini wanda zai yi wasan. Ashe shi ma kurma ne, ɗan Zongo, kyakkyawa, ga iyayi. Ya gaishe ni da hannu, na amsa tun kafin in yi tunani. Na yarda.

Ranar da aka nuna shi, bayan la'asar, muka ƙetare gada zuwa makarantarsu Nafisa a Kirkissoye, ni da Ramatu, matar marigayin. Aji ya cika maƙil da matasa. Aka yi dariya kuwa, har da masu buga tebur! Na kasa kunne in ji da wa ake yi. Da yarinyar ake, don ta tashi cewa tana son shi da hannu, ta rikice, ta yi ta fifita kamar mai korar ƙuda. Aka yi da wani ɗan gayu da ke ta zuba faransanci ba ta ko dube shi ba. Da kurman ya samu shiga, 'yan mata suka ɗauki guɗa. Ni da furfurata na miƙe ina tafi.

Da Yaya na raye, zai so wannan zamani, na tabbata. Zai kushe ɗinkin rigunan, zai ce yaron bai iya tafiya ba, sannan ya nemi a maimaita masa fim ɗin. Shagonsa ya koma hannun wani, kekensa ya yi tsatsa, amma ga yaran da ba su taɓa ganinsa ba suna so labarinsa ya ƙare da daɗi.

A hanyar komawa na tambayi Ramatu ko sun yi masa adalci. Ta share ido da gefen mayafi.

"Kai Sani, sun rage. Wanka ya fi wannan yaro rashin kunya nesa ba kusa ba."