Ruwan Akun Da Babu Shi

Duk layinmu babu mai kiran yayata da sunanta. Uwar Keji ake ce mata, har yaran da aka haifa jiya. Idan agogonka ya tsaya, ko ƙafar tabaraunka ta karye, wurinta za a tura ka, shago na uku daga na mai aski. Za ka tarar da siririyar mace da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya, a bayanta agogunan bango sun fi goma, kowanne da nasa ra'ayin game da lokaci. A gefenta akwai aku ruwan toka mai jar wutsiya, wanda kana shigowa zai ce maka, "Kada ka motsa. Yi murmushi." Baƙi kan ɗauka saboda shi ta sami sunan, alhali ta same shi tun kejin babu komai ciki sai iska.

Lokacin tana da shekara goma sha biyu, ni bakwai. Shagon na Baba ne, mu kuma muna zaune a ɗakuna biyu da ɗan tsakar gida a bayansa. Akun na maƙwabcinmu ne, mai hoto, kuma a bakinsa tsuntsun ya ɗauko waccan magana. Sai mai hoto ya sami aiki a wata ƙasa, zai tashi nan da kwana casa'in, ba kuma zai iya tafiya da tsuntsu ba. Mai aski ya ce a ba shi, ya rataye shi a ƙofar shago cikin rana don ya jawo masa mutane. Yaya ta dawo gida da wannan labari kamar an ce mata za a sayar da ƙaninta. Ni ne ƙanin, kuma na tabbata da ni za a sayar ba za ta tayar da hankalinta haka ba.

Ta fara da Mama, wadda malamar firamare ce, ta same ta tana duba littattafan ɗalibai da jan biro.

"Mama, kin san aku ba ya cin abinci da yawa?"

"Haka aka ce mini game da zomo."

Nan dole in tsaya in kare kaina. Gaskiya ne na yi kuka har aka sayo mini zomo, gaskiya ne kuma bayan kwana huɗu na manta da shi, Mama ta yi shekara biyu tana tsinko masa ciyawa kafin ta tafi makaranta. Amma ina da shekara biyar a lokacin, kuma zomon ma bai taɓa nuna yana sona ba. Duk da haka har yau, da furfurata, ba a yin taron dangi a tashi ba a ambaci zomon nan ba.

Mama ta ce duk abin da aka shigo da shi gidan da sunan wani, a wuyanta yake ƙarewa, don haka Yaya ta je ta ji da Babanta. Yaya ta yi kwana uku tana zarya a shago. Ta ce akun zai riƙa sanar da shi idan an yi sallama. Baba ya ce yana da kunne. Ta ce zai yi gadi. Baba ya ce ɓarawon da aka ce wa ya yi murmushi ba ya gudu. Ya nuna mata kusoshin agogo da ke cikin faranti, ƙanana kamar ƙwayar gero, ya ce tsuntsu zai haɗiye masa aikin mako guda a loma ɗaya. A rana ta uku ta daina kawo hujja, ta tsaya a bakin tebur kawai hawaye na zuba, ta ce, "Baba, rana za ta kashe shi a can."

Baba ya cire gilashin idonsa. Ba kasafai yake cire shi saboda mutum ba.

"Kin san shekara nawa aku ke yi a duniya?"

"A'a."

"Zai iya ganin bayana, ya ga bayan Mamanki, ya zauna ya ce wa jikokinki su yi murmushi. Wannan ba zomo ba ne."

Ina laɓe a bayan labule, na ji an sake taɓo ni ba gaira ba dalili.

Washegari ya je kasuwa ya dawo da tsohon keji, wanda ƙofarsa ke kuka in an buɗe. Ya ajiye shi a tsakar gida ya ce, "Ga akunki." Yaya ta leƙa, babu komai. Ya ce daga yau har ranar da mai hoto zai tashi, ta ɗauka akwai tsuntsu a ciki. Kafin bakwai na safe ta wanke kofi ta zuba sabon ruwa, ta canja takardar ƙasa, ta sa 'ya'yan itace da 'yar gyaɗa. Kafin rana ta take ta mayar da kejin inuwa. Da yamma ta kwashe abincin ta rufe shi da zane. In ta yi fashin rana ɗaya, akun ya mutu, maganar kuma ta mutu tare da shi. Ina jin Baba ya yi lissafin mako guda ne, ta gaji, kowa ya huta.

Bai san 'yar da ya haifa ba. Yaya ta kafa kalanda a bango, kullum ta ja layi. Ba ta tsaya ga abin da aka ce ba, sai ta je wurin mai hoto ta koyo abin da aku ke so da wanda ke kashe shi, ta dawo ta shimfiɗa wa gidan dokoki. Ba a fesa maganin sauro kusa da keji. Ba a barin hayaƙin girki ya bi ta kansa. Ba a zagi, domin zai ɗauka. Ranar Asabar takan ɗauki kejin ta kai shi bakin famfon layi ta wanke shi da soso, tana yi masa hira. A nan yara suka fara binta suna waƙar Uwar Keji, ita kuwa ko a jikinta.

Abin mamaki, cikin wata guda gidan gaba ɗaya ya kamu. Na ga Mama da idona ta juya murhu saboda iska na kai hayaƙi wajen kejin. Baba yana da wani suna da yake kiran masu buɗe agogo da wuƙa kafin su kawo masa gyara. Wata rana ya ɗauko sunan da ƙarfi, sai ya waiwayi tsakar gida, ya haɗiye sauran. Ni kaɗai na rage mai hankali a gidan. Na taɓa saka takalmina cikin kejin don in nuna musu babu kowa ciki, Mama ta ja mini kunne ta ce na tsorata tsuntsu.

Haka aka kai kwana tamanin, ba fashi. A na tamanin da ɗaya, ni na ɓata komai. Na hau bishiyar bayan makaranta na cika cikina da ɗanyen mangwaro, gari na wayewa sai amai da zazzaɓi, har idona ya juye. Mama ta saɓa ni a kafaɗa, Yaya ta suri jaka da bargo ta bi ta a guje. Baba ya saka mu a mota, ya tsaya rufe gida da sallamar masu zuwa karɓar agogo, da nufin ya biyo mu. Aka ba ni gado, aka sa mini ruwa. Yaya ta wuni riƙe da hannuna don kada in fizge allurar. Baba ya zo da yamma ya koma, ita ta ƙi tafiya. Mama ta ce sai da hantsin washegari, da na buɗe ido na nemi shayi, Yaya ta dafe kai ta ce, "Keji." Ta miƙe ta nufi gida.

Ta isa gida da azahar. Ta tarar da kejin a inuwa, kofi a wanke cike da ruwa, sabuwar takarda, ga gwanda a faranti. Ta tsaya ta dube shi da kyau. Sannan ta cire kalandarta daga bango ta shiga shago ta ajiye a gaban Baba.

"Baba, akuna ya mutu jiya."

Baba bai ɗago daga agogon da yake yi ba. "Ni dai da na wuce na ga ruwa a kofinsa."

"Ba ni na zuba ba."

"Wataƙila Mamanki ce."

"Mama na asibiti."

"To maƙwabta."

"Baba, maƙwabta ba sa yanka gwanda kowane yanki daidai da ɗan'uwansa. Kuma ƙofar ta daina kuka, an ɗiga mata man agogo."

Karo na biyu ke nan Baba ya cire gilashi saboda ita. Ya ce shi fa bai yi niyya ba. Ya zauna aiki ne ya kasa, yana ta tunanin yaro na asibiti ga tsuntsu a rana. Ya san sarai babu tsuntsu, amma sai da ya tashi ya mayar da kejin inuwa kafin ya iya kama kusa ɗaya. Ya roƙe ta kada ta gaya wa mai aski.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce doka doka ce, ta yi fashi.

"Bin ƙaninki ba laifi ba ne," in ji Baba. "Da kin tsaya wanke kofi ya tafi a haka, da ni da kaina zan ƙona kejin. Laifinki ɗaya. Kin wuce ni a bakin ƙofa, ba ki ce Baba ga aku ba. Tsuntsun nan zai haura shekara hamsin. Za ki yi ciwo, za ki yi tafiya. In ba ki iya buɗe baki ki roƙi mutum ba, ranar da kika kwanta shi ma ya kwanta."

Hukuncin da ya yanke mata shi ne, sauran kwanakin ba za ta taɓa kejin ba. Kullum sai ta sami wani ta roƙe shi ya yi, ta kuma koya masa. Wannan ya fi mata kwana tamanin ɗin wahala, domin Yaya gara ta ɗauki dutse da ta ce a taimaka mata. Ta roƙi Mama, ta roƙi matar mai shayi, har mai aski ta roƙa, ya zo yana gunaguni ya wanke kofi. Ranar ƙarshe ta rasa kowa sai ni. Na sa ta ce don Allah sau uku, kuma har yau ina jin daɗin abin. Da yamma mai hoto ya shigo da akun a kafaɗa. Tsuntsun ya dubi Baba ya ce masa kada ya motsa, Baba kuwa ya tsaya cak.

Shekara talatin da shida ke nan. Baba da Mama duk sun rasu, akun ya ga bayansu kamar yadda aka faɗa. Yaya ta gaji shagon da gilashin. Mijinta ma sai da ya iya wanke kofi kafin ta amsa masa, Allah ya jiƙansa. Ɗansu ɗaya yana aiki a jirgin ruwa, inda ba a ajiye tsuntsu. A duk shekarun nan akun bai wayi gari da ruwan jiya ba ko sau ɗaya, kuma rabin layin sun san yadda ake riƙe masa.

Watan jiya ta zo gidana a tasi, ita da ba ta barin shago da rana. Ta rame, na kuwa lura. A hannunta tsohon kejin ne, babu komai ciki, domin akun ya daɗe da komawa babban keji. Ta kira ƙaramar 'yata, mai shekara goma sha ɗaya, wadda ta shekara tana damuna in saya mata aku ina ƙi. Ta ajiye kejin a gabanta ta karanta mata dokokin Baba kalma da kalma.

Da yarinyar ta fita da shi tana tsalle, na ce, "Yaya, wannan fa? Ko ki tambaye ni?"

"Ga shi ina tambaya. Likita ya ce za a yi mini aiki, kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Tsuntsun yana da sauran shekara ashirin. Don Allah, Auta." Ta dube ni. "Sai na cika uku?"

Na ce ɗaya ya isa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ina yaro.

Jiya aka kwantar da ita. Akun na wurin matar mai shayi, sai an ga yadda jarrabawar 'yata da kejin ta ƙare. Da za mu tafi asibiti yarinyar ta ce za ta zauna da Gwaggonta har gobe. Ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo ta kama hannuna ta ce, "Abba, ga aku. Don Allah kafin bakwai." Babu wanda ya gaya mata wannan ɓangaren labarin.

Yau da safe na fito tsakar gida, ƙato da ni, na zuba wa kejin da babu kowa ciki ruwa, ina share ido da gefen riga. Bakwai saura biyar waya ta yi ƙara. Muryar Yaya ce, can ƙasa, za a shiga da ita nan da awa ɗaya.

"Ka zuba?"

"Na zuba, Yaya."

"Ka wanke kofin tukuna?"

"Na wanke."

"Ƙarya kake, mai zomo."

Ƙaryar kuwa nake. Na ce ta riƙe wayar kada ta kashe, na zubar da ruwan, na ɗauko soso, na buɗe famfo sosai yadda za ta ji.