Barandar da ta ƙanƙance

Shekarun baya, lokacin da kwamfuta ta fara yawa a Zuru, ina aiki a wani shagon buga katin biki da kalanda kusa da kasuwa. Mai shagon abokina ne, ya karanci zanen gine-gine. Shi ya koya mini yadda ake tayar da gida a cikin kwamfuta, a yi masa fenti, a fitar da hotonsa kamar an riga an gina shi. Ina ɗan iyawa sai na fara tafiya irin ta injiniyoyi.

Mahaifina tsohon soja ne. Rabin rayuwarsa a ɗakunan bariki ya yi ta. Da ya yi ritaya ya sayi ɗan fili a unguwar Rikoto, ba shi da zance sai na gidan da zai gina. Sai na karɓi awon filin na zana masa.

Ranar da na kai masa hoton, ya daɗe yana kallo. Baranda ta fito doguwa, mai faɗi, kamar za ta ɗauki taron suna. Ya kira mahaifiyata ya ce, "Zo ki ga inda za mu zauna." Can sai ya karkata kai.

"Amma me ya sa bangon nan yake sunkuyawa ciki? Faɗuwa zai yi?"

Na ce, "Ba ginin ba ne, Baba, hoton ne. Zan gyara."

Ban ma san yadda ake gyarawa ba. Abokina ne ya duba ya yi dariya. A cikin kwamfutar akwai kyamarar da kake ajiyewa inda kake so a kalli ginin. Ni na ajiye ta dab da ƙofa, kusa da ƙasa, tana kallon sama, na kuma buɗe idonta sosai don komai ya shiga. Shi ya sa saman bango ya tsuke, abin da ke kusa kuma ya kumbura. Muka ja ta baya, muka ɗaga ta daidai idon mutum a tsaye, muka rage buɗin. Bango ya miƙe sambal. Baranda kuwa ta koma ainihin girmanta, wurin kujera biyu da ɗan benci.

Na hau kabu-kabu da murnata na kai masa, na karɓi tsohon hoton da tuni ya yi laushi a aljihunsa.

Ya duba sabon ya ce, "An rage mini fili ne?"

Na ce, "A'a, Baba, dama haka awon yake."

Ya ce, "To. Gara da na sani."

Ya gina gidan yadda yake a hoto na biyu, a ciki kuma ya rasu. Sai bayan rasuwarsa mahaifiyata ta gaya mini cewa hoton farko ya zaga da shi wurin tsofaffin abokansa na soja, yana ce musu idan an gama, a barandarsa za su riƙa buga dara kullum da yamma. Ta ce daga ranar da na kawo na biyu bai ƙara tayar da zancen ba. Ta tambaye ni ko karkataccen yana nan. Babu shi. An share shi da tarkacen shago, kwamfutar ma ta daɗe da mutuwa.

Na san gyaran daidai ne, domin ko ban yi ba, magini zai yi ranar aza harsashi. Amma har yau idan na tuna yadda na miƙa masa takardar ina washe baki, ina jiran yabo, sai in zargi kaina. Da na san abin da yake gani a cikin hoton farko, da na zauna kusa da shi mun nemi inda za mu ƙara wa abokansa wuri.