Ƙwari Sun Cinye Waken Baɗi

Bara'atu 'yar Maruta malamar lissafi ce a Birnin Kudu. Ta sa kwamfutarta kwaikwayon yadda ƙwari ke yaɗuwa a rumbun waken mahaifinta, Malam Sulaimanu. Da yake kowane ƙwaro tafiyar ganin dama yake yi, kwamfutar na bin su ɗaya-ɗaya, har waken ya ƙare ba ta gama ba.

Sai Bara'atu ta koya mata tsallake ƙananan motsi, ta riƙa ɗaukar matsakaicinsu. Nan take lissafin ya zarce har baɗi, ta garzaya wajen mahaifinta.

"Baba, kwamfuta ta ce ƙwari sun cinye waken baɗi."

Malam ya yi salati. "Wanda ban shuka ba?"

Ya fasa shukar, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suna ta zuwa jaje.